Luba Mai Hankufa da Gayaunar da Ba a Nomawa

An haifi Malama Luba a shekarar 1894 a garin Yako ta ƙasar Kiru. Mahaifinta shi ne Malam Ubale manomi, mahaifiyarta kuma Saude, ungozomar garin.

Tasowarta

Bayan karatun allo, a hannun mahaifiyarta ta san hankufa, wani tsiro da yake fitowa a saura, wato gonar da aka bari ta huta. Tsayinsa bai cika wuce ƙugu ba, ganyensa yana da gashi mai laushi, furensa ƙanana ne rawaya a cure wuri ɗaya. Ta koyi dafa saiwarsa domin tari da zawon haƙori na yara, da dandaƙa ganyensa a ɗaura a kan ƙurji.

Aurenta

A shekarar 1911 aka ɗaura mata aure da Malam Hamidu na Ƙafin Maiyaki, wanda ya yanka mata gayauna, 'yar gonar kanta, a gefen gandunsa. Maimakon ta shuka gero, sai ta bar wa hankufa wurin, tana cire masa sauran ciyayi. Maƙwabta suka riƙa yi mata ba'a cewa ita kaɗai ce mai yi wa ciyawa noma, ga shi kuma su ne kan gaba wajen aiko mata da ƙwarya neman magani.

Shekarun gyaɗa

Malam Hamidu ya rasu a 1951, gandu ya koma hannun babban ɗansu Labaran. A lokacin gyaɗa ta yi daraja, garmar shanu ta shigo, aka nome kowace saura, har hankufa ya yi wuyar gani. A daminar 1953 Labaran ya koro shanunsa zuwa bakin gayaunar domin ya haɗe ta da gandu, sai ya tarar da tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a tsakiya. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Labaran, sai dai ka fara da ni." Ya juya da shanunsa ransa a ɓace.

Da damina ta zagayo, zawo ya kama yaran garin, mata suka nemi hankufa ko'ina suka rasa, sai a gayaunar nan. Luba ta raba saiwa ga kowa, ba ta karɓi komai ba. Cikin waɗanda Allah ya ba wa sauƙi har da Turai, 'yar Labaran, wadda aka riga aka fitar da rai da ita. Mutanen garin ba su gaji da godiya ba.

Rasuwarta

Allah ya yi mata rasuwa a watan Sha'aban na shekarar 1958, aka yi mata sutura a maƙabartar Ƙafin Maiyaki. Allah ya jiƙanta da rahama. Ta bar 'ya'ya uku: Furera, wadda ta gaji sana'arta ta ba da magani, da Sani, da kuma Labaran, wanda har ƙarfinsa ya ƙare, in ya zo bakin gayaunar sai ya ɗaga garma ya kewaye.