Yau Baba Ya Yi Mani Faɗa, Alhamdulillahi!

"Wa ya ɗauke mani butar shayi?!"

Jama'a, da na ji wannan tsawar daga ɗakin Baba, saura kaɗan in rangaɗa guɗa!

Tun rasuwar Innarmu da muka ɗauko shi daga Barmu zuwa Tawa, Baba ya daina magana. Ba ci, ba fira, ko faɗan da ya saba babu. A gidan likita suka ce ciwon damuwa ne, suka haɗa shi da wasu dattawa masu irin ciwon, suna zama duk Alhamis kowa ya faɗi abin da ke cinsa. Da ƙyar ya yarda, wai shi ba mahaukaci ba ne.

To yau Alhamis, an gano butar, ga shi da buta da gawayi, an kafa hula, ana jiran ɗan kabu-kabu ya kai shi wurin zaman.

Na ce, "Baba, ai suna ba ku shayi can."

Ya harare ni. "Kofi guda! Ke, wa ya taɓa buɗe cikinsa a kan kofi guda? Na farko gaisuwa ce. Sai an kai na uku mutum ke kiran sunan matarsa ya yi kuka. Wani tsoho ɗan Kalfu bai ce uffan ba tukuna, yau ni zan dafa masa."

Mutumin da muke lallashi ya sha fura, yau shi ke ɗawainiyar wani!

Ina ta dariya ina share hawaye. Ku faɗa mani, akwai wanda ya taɓa kewar faɗan tsohonsa kamar ni?