Hannun Baba Idi a Akwatin Wuta

Ina buɗe akwatin wutar wani gida a unguwar Ammariyya sai na ga rubutun ajami a jikin makunnai: "madafa", "ɗakin yara". Nan take na gane hannun. Na Baba Idi ne, wanda ya koya mini aikin wuta.

Wani ne zai sayi gidan, ofishinmu ya turo ni in duba wutar in rubuta rahoto. Na tarar an cire makunnin da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa, an haɗe gurbin da zallar waya don kada mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙa ɗaukewa. Robar har ta fara narkewa.

Bayan la'asar na sami Baba Idi a unguwar Kurayyat, na faɗa masa abin da na gani. Tsohon ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, na sani; in sunansa ya fito, sai kora.

"Ɗana, rufin asiri fa," ya ce.

"Baba, sunanka ba zai shiga takarda ba. Amma wayar sai ta shiga."

Ya ce, "Wane layi ne?"

"Na ɗakin yara."

"Halas, shi ke nan, rubuta. In ka ɓoye, ban koya maka komai ba kenan."

Na rubuta, kuma har yau muna gaisawa. Jama'a, da ku ne, wa za ku duba: malaminku ko yaran da za su kwana a ɗakin?