Ranar Da Na Shiga Karantina Da Masu Kallon Tsuntsaye

Har gobe ban manta da safiyar wata Alhamis ba, ƙarshen watan Maris, a tsakiyar shekarun casa'in. Ku da kuka kama sitiyari a bayanmu ku saurara, don abin da ya same ni bai shafi birki ko taya ba.

A lokacin ni ne direban bas na wata unguwa mai katanga a Abhur, arewacin Jidda, inda ma'aikatan kamfanoni 'yan ƙasashe daban-daban ke zaune da iyalansu. Mudir ne babban mai kula da unguwar, ƙarƙashinsa akwai mushrif mai raba wa direbobi aiki, sai mu. Ranakun aiki in kai yara makaranta, in kai mata kasuwa. Alhamis da Juma'a kuwa, da yake su ne hutun mako a zamanin, duk wanda ya nemi bas ta hannun mushrif shi ke da ni.

Waɗanda suka fi nema su ne ƙungiyar masu son tsirrai da tsuntsaye ta unguwar. Shugabansu Muhandis Fu'ad ne, wani injiniya Bamisire, mutumin kirki, sai dai in ya ga tsuntsu hankalinsa ya tafi ke nan. Duk shekara in sanyi ya ja jiki zafi bai gama shigowa ba, lokacin da Larabawa ke kira rabi'i, sai ƙungiyar ta tashi haiƙan. Wani mako a dasa itatuwa, wani mako a tsince robobi a bakin teku, wani kuma a fita daji ɗaukar hoton furanni. Amma babban abinsu shi ne tsuntsayen da ke baro Afirka su ratsa ta Jidda zuwa arewa. Ni dariya suke ba ni: manyan mutane masu ilimi su sa kaki da hula, su tsaya cikin rana suna raɗa saboda abin da a garinmu da danƙo ake harbinsa. Duk da haka ina son fita da su, ba mai yi mini tsawa.

Ran nan wata fadama muka nufa a kudancin gari. Muka tarar ana gyaran babbar hanya, aka juya mu ta gefen Karantina. To, Karantina unguwata ce, can ɗakina yake. Can kuma Inna Tabawa take, 'yar Damagaram da ta zo aikin hajji tun ina yaro ta zauna. Ita ta sauke ni lokacin da na zo ban san kowa ba, ta ciyar da ni har na samu kafili, wato mai tsaya mini, da iƙama, takardar izinin zama. Ita kam ba ta da takarda, haka ma yawancin maƙwabtanta. Ƙosai take soyawa a bakin layi.

Muna daf da layin nan Muhandis ya dafa kafaɗata. "Waggif, ya Sabi'u, waggif! Tsaya nan!" Ashe tsuntsaye ya hango jere a kan wayar lantarki. Na taka birki na buɗe ƙofa, aikina ke nan.

Ku duba abin da mutanen layi suka gani. Farar bas mai labule ta tsaya kwatsam, maza sun diro cikin kaki da hula, wannan da abin hangen nesa, wancan da kyamara, suna nuna saman gidaje da yatsa. A Karantina fassarar wannan ɗaya ce: jawazat, jami'an shige da fice, sun zo kamen marasa takarda. Wata mata ta ƙwala ihu, "Kame!" Kafin in sauko layin ya watse, sai takalma da farantai da keken wani tela da ya bari da ɗinki a kai. Inna Tabawa ta yunƙura za ta gudu, zaninta ya jawo kasko, tafasasshen mai ya sheƙe mata a ƙafa.

Muhandis ya tsaya baki buɗe. "Esh fi? Me ya faru?"

Na ce, "Yalla, ku hau mota. Don Allah ku hau." Na san muddin muna tsaye ba mai fitowa ya ɗauke ta. Ta madubi na ga mata suna shigar da ita gida, na kuma ga idanun da ke bin mu ta bayan ƙofofi. Sun gane direban.

Da na dawo da la'asar labari ya riga ni: Sabi'u ya samu takarda ya sayar da mu. Na yi sallama wajen mai shayi, aka amsa ciki-ciki, aka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. A masallaci na kusa da ni ya canja sahu. Na yi rantsuwa, na yi bayani, wani ya ce, "Tsuntsaye? Haba, ka nemi wata ƙaryar." Ban ga laifinsa ba, ko ni aka faɗa wa ba zan yarda ba. Amma abin ya ci ni ƙwarai. Mutum a ƙasar wasu, in mutanensa suka juya masa baya, ko mai wanke gawarsa ba shi da shi.

Inna ta ƙi a kai ta asibiti, don can za a nemi takarda. Ni kuma ta ce kada a bar ni in shiga.

Ranar Asabar na kai wa mushrif maganar. Ya ce, "Motar ta buge wani?" Na ce a'a. Ya ce, "To halas, shi ke nan, ba ruwan kamfani." Muhandis kuwa da ya ji sai ya dafe kai, ya ce gobe ƙungiyar gaba ɗaya za ta je ba da haƙuri.

Na ce, "Ya Muhandis, in bas ɗin nan ta sake shiga layin, ni ne ba zan sake shigarsa ba."

Matarsa Daktora Suhair likita ce, tana jin mu. Ta ce ita za ta je, ita kaɗai, cikin abaya, a motar haya. Haka aka yi. Ta riƙa zuwa tana wanke ciwon, ni kuma ina tsaye a waje kamar baƙo. Wata rana ta ce Inna ba ta jin larabcinta sosai, sai an samu mai fassara. A nan aka kira ni.

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, wai me suke nema a saman gidajenmu?"

"Tsuntsaye, Inna."

"Tsuntsayen me?"

Daktora ta ciro abin hangen nesa daga jakarta. Muka kama Inna muka zaunar da ita a bakin ƙofa, na saita mata shi a kan wayar. Ta duba, can ta ce, "Wannan ai tsattsewa ce."

Daktora ta ce in gaya wa Inna daga wajenmu tsuntsayen suke zuwa. Su tsallako teku, su huta a nan, su wuce arewa, in sanyi ya matso su koma.

Inna ta ce, "Suna komawa?"

Na ce, "Duk shekara, Inna."

Ta mayar da abin hangen a idonta. Ta daɗe tana kallo. Ita da ta baro 'ya'yanta a Damagaram da niyyar tana gama hajji ta juya. Na kawar da kai don kada ta ga idona.

Da ƙafar ta fara takuwa ta koma bakin layi. Wata safiyar Juma'a, layi cike da mutane, ta hango ni ina raɓe-raɓe zan wuce. "Sabi'u! Zo nan ka zauna." Ta zuba ƙosai a kwanonta ta ce in sa hannu mu ci. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Mahaukatan tsuntsu ya kwaso, na gani da idona. Ni ce na ƙone, ni ce kuma na ce ya ci. Mai magana ya zo ya same ni." Ban gama ci ba mai shayi ya miƙo mini kofi.

Ba komai ne ya gyaru ba. Telan nan bai dawo ba, sai aike ya yi aka ɗauki kekensa. Inna kuma ɗingishin bai bar ta ba.

Abin da na koya shi ne, direba hanya yake gani, mutanen hanya kuma motarsa suke gani, kuma ba lallai abu ɗaya kuke gani ba. 'Yan ƙungiyar nan ko tururuwa ba sa takawa da gangan, amma safiyar nan su ne abin tsoro. Daga ranar na cire labulen bas, kuma ban ƙara buɗe ƙofa a wuri ba sai na tambayi kaina su wa na ɗauko a idon na waje. Muhandis ma ya ajiye kaki ya koma farar riga.

Na ci gaba da fita da su duk rabi'i har na ajiye tuƙi. Tsattsewa tana nan tana zuwa tana komawa. Inna Tabawa kuwa a nan Jidda muka binne ta.