Sunan da ke Kan Takardar Rumfar Mal-sun

Shekara talatin da huɗu Pyo Mal-sun ta yi tana sayar da busasshen kifi a kasuwar bakin tashar jiragen ruwa ta Mokpo a ƙasar Koriya, kuma duk layin ba wanda bai san kaifin bakinta ba. Ita ce mace ta biyar a jere a gidansu, can wani ƙaramin tsibiri, shi ya sa aka raɗa mata sunan da ake ba yarinyar da ake fatan daga ita mata sun ƙare. Da aka samu namiji a bayanta, shi aka sa a makaranta, ita kuwa aka tura ta shanyar kifi tun tana 'yar shekara bakwai. Mijinta ya fita su wata damina bai dawo ba. Ya bar mata 'ya ɗaya, Hye-ran, da rumfar nan.

A da mai saye yakan tsuguna ya sansana kifi, ya tambaye ta ciwon gwiwa, a ja ciniki, ta ƙara masa gyara. Yanzu tun daga nesa, ba gaisuwa ba komai, sai a jefo mata tambaya: "Ana karɓar kati?" Har baƙin ma'aikatan jirgi da ba su iya ko ina kwana da harshen Koriya ba sun haddace wannan. Duk sanda ta ji ta sai ranta ya ɓaci.

"Ka ga na yi kama da banki?" haka take amsawa.

Maƙwabtanta duk sun sa na'urar kati, suna cewa taurin kai ne ke damun Uwar Hye-ran. Ba su san gilashin na'urar take tsoro ba. Mal-sun ba ta iya karatu ba, kuma ba wanda ya sani a kasuwar. Lambobi ta san su, farashi yana kanta, in kuwa aka miƙo mata rubutu sai ta ce ta baro tabarau a gida. Hatta 'yarta haka ta tashi tana karanta mata wasiƙu, tana zaton raunin ido ne.

Ana saura kwana uku bikin kaka, wata matashiya daga Seoul ta zaɓi kifin tsaraba mai yawa, ta sa aka naɗe shi ƙunshi ƙunshi, sannan ta zaro kati. Mal-sun ta ce ba a karɓa. Yarinyar ta taɓe baki, ta faɗa yadda kowa zai ji cewa an san masu ƙin kati, haraji suke ɓoyewa. Mal-sun ta warware ƙunshin nan ɗaya bayan ɗaya a gabanta, ta ce ta je ta tambayi uwarta yadda ake magana da tsohuwa. Yarinyar kuwa ofishin kasuwa ta nufa ta kai ƙara.

Washegari da safe shugaban 'yan kasuwa, Bang, ya zo yana lallashi. Ya ce ƙara ta uku ke nan, ta yi haƙuri a sa na'urar, shi da kansa zai cike mata komai, ta dai kawo takardar rumfa. Ta ɗauko ta daga ƙarƙashin akwati, a naɗe cikin leda. Bang ya duba, ya ce to sai a kira Tak Yong-gil, tunda kuɗin kati asusun mai rumfa yake shiga.

"Me ya kawo ƙanin mijina cikin maganar?"

"Ai sunansa ne a nan, Yaya. Na ɗauka kin sani."

Ya nuna mata da yatsa. Ta zuba wa layin ido, nan take ya gane ba ta iya karatu ba. Yong-gil ne ya yi mata zirga-zirgar takardu bayan rasuwar mijinta. Shi ya kawo wannan takardar ya ce ta danna hatimi, ta danna, har ta dafa masa kaza don godiya. Shekara ashirin da takwas ke nan.

Ko ƙyallen gabanta ba ta kwance ba ta nufi shagonsa na taru da ƙugiya. Tunda ta shigo gidan Tak ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba. Ranar ta kira, a gaban masu saye. Ya fara kame-kame, wai taimakonta ya yi, macen da ba ta karatu kowa sai ya cuce ta. Ashe shi ya daɗe da sanin sirrinta. Da ta matsa masa sai gaskiyar ta fito.

"Matar yaya, rumfar ta gidan Tak ce. Ke kuma 'ya mace gare ki, ta yi aure ta tafi."

"Wa ya daskare a cikinta kowane hunturu, gidan Tak? Duk shekara in dafa abincin tunawa da yayanka, ka zo ka zauna a kan gaba ka ci, ka goge baki, kana sane da abin da ka rubuta."

Kafin azahar labari ya gama kasuwa, har da sirrin da ta yi shekara sittin tana rufewa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Hye-ran ta zo daga Gwangju tana kuka, tana faɗa, me ya sa ba ta taɓa gaya mata ba. Matan layin kifi suka ce za su ba da shaida ko a kotu ne. Da Yong-gil ya ji an ambaci lauya sai ya sauko. Cikin mako guda aka shirya takardar mayar da rumfa, saura hatiminta kawai.

Ta ƙi dannawa. Ta ce ta gama danna hatimi a kan abin da wani ya karanta mata, ko da 'yar cikinta ce. Aka yi juyin duniya, ta ce a ajiye takardar.

Ta shiga ajin yaƙi da jahilci na tsofaffi a zauren unguwa, safiya uku a mako, tana rufe rumfa a lokacin da ciniki ya fi tafiya. Baƙaƙen suka yi mata gardama. Yatsun da suka saba da wuƙa suka ƙi riƙe fensir, ta karya da yawa don haushi. Wata rana ta tashi tsakiyar darasi ta fita tana zagin mahaifinta da ya yi shekara arba'in a kabari, bayan kwana biyu kuma ta riga kowa zuwa.

Bayan wata takwas ta ce a kawo takardar. A ofishin kasuwa, Bang da Hye-ran da Yong-gil na zaune, ta ɗora yatsa a layin farko ta fara haɗa baƙi a fili. Inda ba ta gane kalma ba ta tsaya sai an yi mata bayani. Yong-gil ya duba agogo, ta ɗago ta ce in ya gaji ta koma farko. Kusan awa biyu aka yi. Ta ture hatimin gefe, ta rubuta sunanta da hannunta, a karkace.

An sa na'urar a makon. Tana da nawa wajen dannawa, wanda ya nuna gajen haƙuri kuwa yakan sha faɗa. Yong-gil bai sake taka gidanta ba, ita ma ba ta aika masa ba. Ajin dai ba ta daina zuwa ba, kuma malamar ta ce a duk ɗalibanta ba wadda ta kai ta musu.