Ɗakin Matar Yaya a Bayan Mota

Yayana mai gyaran firji ne, kuma tun muna yara ba ya magana sai ta zama dole. Da ciwon mantuwa ya kama matarsa, 'yar maganar da ta rage masa ma sai ta ƙafe. Ba kuka, ba ƙorafi. In ta sa takalmi a tukunya, ya cire ya wanke tukunyar. In ta fita ta ɓace, ya bi layi-layi har ya gan ta, ya riƙo hannunta su dawo.

Babbar 'yarsu ce ta yanke magana. Ta ce ƙarshen wata za ta zo ta ɗauki uwarta ta koma da ita gidanta, inda za a samo mai kula da ita.

"Baba, kai ma ka huta," in ji ta.

Yaya ya ce, "To."

Ni da na san hali, na san wannan "to" ɗin ba ta yarda ba ce. Washegari ya kwashe kayan aiki daga farar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda ba ta da taga a baya, ya jibge su a ƙofar shagona. Ni tela ne, shagona manne yake da nasa. Na yi faɗa har na gaji, ko kallo ban ishe shi ba.

Ya bi jikin motar ta ciki da soson da ake cusawa a bangon firji, saboda zafi da ƙarar hanya, ya rufe da siririn katako. Ya huda rufin ya sa 'yar fanka, ya ɗaure tsani a sama ya ɓoye ta. Batir a ƙarƙashin kujera, jarkar ruwa a bayan ƙofa. Ta waje kuwa bai taɓa komai ba. Rubutun gyaran firji na nan, har lotsawar da ke gefe bai buga ba. Ya ce motar aiki ba mai tambayar me take yi a gefen titi, amma in ta yi kyau za a fara leƙe, daga leƙe kuma labari ya kai kunnen 'yarsa.

Cikin ne ya ci masa lokaci. Ya auna tsayin gadonsu na gida ya yi irinsa, don ƙafarta ta saba da inda ƙasa take. Ƙusar rataye mayafi a hagu, madubi a dama. Ya kawo mini tsohon labulen ɗakinsu ya ce in rage shi.

Na ce, "Yaya, da furfurarka za ka saci mace? Macen ma taka?"

Ya ce, "Kar ka taɓa kalmasar ƙasan. Ita ta ɗinka."

Na tambaye shi ina za su. Ya ce duk inda hanya ta miƙa. Tun suna sabon aure take son yawo, firjin mutane ya hana.

Da ya gama, ya ce in raka su gwaji, in riƙa karɓarsa tuƙi. Muka fita da safe, tana zaune a tsakiyarmu tana kallon gonaki. Da rana ta take muka tsaya a bakin wani tafki, a filin da manyan motoci ke hutawa. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube mu. Yaya ya kashe mota, na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka.

Sai ta juyo gare shi, da irin ladabin da take yi wa baƙo.

"Direba, don Allah mai da ni gida. Kar maigidana ya dawo bai same ni ba."

Ni ta daɗe da manta ni, na saba. Shi kuwa ba ta taɓa kasa gane shi ba sai ranar.

Fuskar Yaya ba ta motsa ba. Ya ta da mota, ya zagaya filin a hankali, ya dawo daidai inda muka tashi ya tsaya. Ya fita ya sauko da ita, ya riƙe ta har ƙofar baya, ya buɗe.

"Mun iso."

Ta hau. Ta cire mayafi, hannunta ya kai shi kan ƙusa ba tare da ta duba ba. Ta zauna a bakin gado, ta gyara labule, ta yi ajiyar zuciya.

"Bai dawo ba ke nan?"

"Bai dawo ba."

"To, na gode, Allah ya kiyaye hanya. Ja mini ƙofar. Ba ya son ya tarar da baƙo a ɗaki."

Yaya ya ja ƙofar a hankali har ta kama. Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon ruwa. Na daɗe a tsaye a kansa, ban san inda zan sa idona ba.

Na ce, "Yaya, mu juya gida?"

Ya ce, "Bari ta ɗan jira shi tukuna."