Rumfar Kifi a Bakin Dam

Tuyar kifi ce sana'ata a shekarun da muka zauna Jibiya. Maigidana masunci ne, yana da kwale-kwale guda da koma, ni kuma ina da rumfa a bakin dam, kusa da inda motoci ke tsayawa. Abin da ya kamo da safe, karfasa da tarwaɗa, manyan in soya, ƙananan in yi banda, 'yan Maraɗi su zo ranar kasuwa su kwashe a kwanduna. Cinikin yau da gobe bai taka kara ya karya ba. Amma in sallah ta zo, bakin ruwan nan sai ya koma gari guda. Mutane daga Katsina, daga Magama, har daga tsallaken iyaka, su zo kallon ruwa, makaɗa da masu hoto na biye da su. Maigida ya jingine koma, ya yini yana zagayawa da baƙi cikin kwale-kwale. Da cinikin sallah muke sayen taki da man injin ban-ruwa na 'yar gonar albasarmu.

Bayan rumfata akwai ta wata Bamagujiya daga wajen Bugaje, Kirista ce, mijinta ya rasu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Burkutu take sayar wa direbobin manyan motoci masu jiran 'yan duwan, wato jami'an kwastan, su sallame su. Da aka ce shari'a ta zo, ba ta jira kowa ya yi mata magana ba, da hannunta ta kife randunanta. Abokan sana'arta da yawa suka haura Nijar. Ita ta ce gonar mijinta na nan, 'ya'yanta na nan, ina za ta? Na ce ta dawo rumfata, tana fere kifi ina soyawa.

Ana cikin azumi sai magana ta fara yawo. Wai bana ba za a bar kowa ya zo dam ba. Wai za a hana mata sayar da abinci a waje, a rushe rumfuna. Babu wanda ya ji daga bakin hukuma, amma kowa ya ji. Maigida ya fara zancen ko mu ma mu tattara mu koma can tsallake.

Sallah ta kusa, wata hantsi, sai ga 'yan kwamitin shari'a sun nufo mu, wani dattijon malami a gaba yana dogara sanda. Ina cikin wanke kasko. Na ja mayafi. Yaya ta miƙe za ta zame ta baya, na riƙe mata gefen zane.

Malamin ya yi sallama, ya ce, "Ɗiyata, ke ce mai rumfar ga?"

"Ni ce, Allah gafarta Malam."

"Wannan baiwar Allah fa?"

Na ce, "Yayata ce. A da giya take saidawa, ta bari. Yanzu tare muke."

Ya dube ta, ya ce, "Kin kyauta. Allah shi ba ki abin da ya fi."

Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kira maigida daga bakin ruwa. Malam ya ce labarin rushe rumfuna ya iske shi har gida, shi ma a bakin mutane ya ji. Ya ce babu wanda zai hana mace neman halalinta. Abin da ba a so shi ne giya, da rawa, da cakuɗuwar maza da mata. A samo zana a raba wurin biyu, a yi wa mata nasu gefen.

Maigida ya ce, "To jirgi fa, Malam? In mata za su shiga su kaɗai, wa zai tuƙa su?"

Malam ya shafa gemu. Da alama bai yi wannan tunanin ba. Kafin ya samo amsa, Yaya ta ce, "Hannun da ya riƙe galma ai ba zai kasa filafili ba. A koya mani."

Sauran kwanakin azumin a koyon tuƙi suka ƙare. Ranar farko jirgin ya yi ta juyi a wuri guda, tana tuƙi tana yi masa faɗa kamar jaki, masunta na kan tudu suna riƙe ciki. Ba ta kula su ba. Kafin a ga wata, tana zuwa tsakiya ta dawo ba tangarɗa. Muka yi aron wani kwale-kwalen, muka kafa zana tun daga rumfa har bakin ruwa.

Ranar sallah na tashi da fargabar ba mai zuwa. Gaskiya samarin da suka saba cika wurin da yawansu sun wuce Nijar, kuma ba a ji ganga ko ɗaya ba. Wani makaɗi da na saba ba shi kan kifi kyauta, tun daga lokacin ban sake ganinsa ba, har yau nakan tuna shi. Amma bayan azahar sai motoci suka fara sauke mata. Matan aure ne, waɗanda mazansu ba su taɓa barin su zuwa ba saboda cunkoso. Suka baje tabarmi a bayan zana, suka sassauta mayafi, suna ta kiran a kawo kifi da yaji. Wata tsohuwa daga Daddara ta ce mini tunda aka yi dam ɗin take jin labarinsa, sai yau ta gani. Ta shiga jirgin Yaya tana salati, ta fito tana tambayar ko za a ƙara zagaye.

Kafin la'asar kifina ya ƙare, na aika aka sayo na sauran masunta. Ban ma samu zama na ci nawa abincin ba.

Da taro ya watse, Yaya ta zube kan tabarma, kafaɗunta sun kumbura, tafin hannunta duk ya yi kanta. Na ɗauko man kaɗanya ina murza mata. Ta lumshe ido ta ce, "Babbar sallah ke za ki tuƙa, ni in zauna gindin kasko."

Na ce, "Ki ƙona mani kifi?"

Babbar sallah ma ita ta tuƙa. Daga baya matan da ke zuwa tsinkar tumatir a gonakin hayi suka riƙa nemanta ta tsallakar da su, har ta sayi nata tsohon jirgin, maigida ya toshe mata ɓarakarsa da kwalta.