Sabulun da Bai Nuna Ba

A shekarar da aka rufe masallatai saboda annoba, ladan yana kiran salla yana ƙarawa da cewa kowa ya yi a gidansa, na fara karatun boko da haɗa sabulu. Shekarata arba'in da shida. Mu shida ne a ɗaki guda, a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh, a ƙasar da na je ci-rani. Ni direba ne, amma an ajiye motar kamfani, babu inda za a je.

Ta waya nake karatun. Wata malamar yaƙi da jahilci a garinmu tana turo muryarta da hoton allo, ni kuma ina kwaikwaya. Sabulu kuwa a wurin mahaifiyata na gani, sai dai ita da toka take yi, ni da soda da man kwakwa da man zaitun. Ranar da takarda ta ƙare mini, na ɗauki ƙusa na zana harafi a bayan wani sabulu mai taushi. Ya fito tas. Daga nan duk harafin da na koya sai na sassaƙa masa hatimi da guntun katako. Na koma buga wa mutane sunayensu. Ina jera habbatussauda a gefe kamar ɗinkin bakin riga, in danna busasshen fure a kusurwa, in ana son ruwan ɗorawa in zuba kurkum.

Aikin yana da ƙa'ida. Kwana biyu bayan zubawa ake buga suna, lokacin sabulun yana da laushi kamar awara. Wanda ya gan shi da suna da fure zai ɗauka ya gama. Bai gama ba. Sai ya yi mako huɗu a kan katako yana shan iska, sannan in taɓa shi da harshe. In ya tsunkule ni, ba na ba kowa.

Da gasar ƙwallon duniya ta matso, aka tashe mu daga gidan, aka kai mu unguwar Mu'aither. A wurin kwashe kaya sikelina ya fashe. Ban sayi wani ba. Na koma auna soda da kofin shayi, ina ganin hannuna ya saba.

Mai kwana a gadon samana wani maigadi ne, mutumin Zangon Kumasi, ƙato mai yawan dariya. Shi yake kai sabuluna wurin abokan aikinsa. Shekara huɗu rabonsa da matarsa, sai ga shi ta samu izinin shigowa kallon ƙwallo, za ta sauka wurin yayarta a unguwar Mesaimeer.

Ya ce, "Baba malamin sabulu, ka buga mini sunan madam, guda uku. Ka sa jan fure, ba irin adon ƙauyenku ba."

Na ce, "Ƙauyen namu ne ya koya wa Zangonku wanka."

"Na ji dai, Baba. Yaushe zan karɓa?"

"Mako huɗu."

"Nan da kwana goma za ta sauka fa."

"To ta zo ta yi masa kallo a kan katako."

Ya yi dariya har gadon yana motsi. Na yi su, sun yi kyau, na jera su tare da sauran.

Washegarin ranar da Gana ta ci wasanta, na dawo daga jigilar 'yan kallo bayan la'asar. Ina shiga na ga babu sabulai ukun nan a kan katako. Ban gama cire takalmi ba maigadin ya banko ƙofa. Ya kafa mini wayarsa a fuska. Hoton mace ne, kumatunta da goshinta sun saɓule, fatar ido ɗaya ta kumbura ta rufe.

Ya ce, "Ka gani? Ka ga aikinka?"

Na buɗe baki in ce ai na gaya masa, sai naushi ya same ni. Na ji haƙori ya faɗo a kan harshena. Na biyu ya kai ni jikin ƙarfen gado, wani haƙorin ya fita. Ya finciko katakon da sabulun ke kai, duka suka zube, ya maka mini shi a kafaɗa, ya sake, ya sake, har katakon ya rabe. Ina ƙasa ina kare kaina. Ban rama ba. Ko da ina da ƙarfinsa ba zan rama ba, domin a ƙasar nan faɗa in ya kai ga 'yan sanda, labari zai je wa kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, kuma sau da yawa mai duka da wanda aka daka jirgi ɗaya suke hawa a mayar da su gida. Ina da 'ya'ya biyar a makaranta. Shi ma yana da nasa.

Sai ya hango gwangwanin hatimaina. Ya zazzage su a ƙasa ya hau takawa da takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki. Nan ne na yi wauta: na miƙa hannun dama in kwaso su. Takalmin ya sauka a kan yatsuna. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Mutum uku suka riƙe shi. Yana fizga, yana kuka, yana cewa, "Shekara huɗu, Baba. Da wane ido zan kalli yayarta?"

Hayaniyar ta jawo mai kula da gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ya dubi jinin, ya dube ni, ya tambaya ko ya kira 'yan sanda. Na tofar da jini a tsumma na ce katako ne ya ɓalle ya faɗo mini. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar. Ya daɗe yana kallon ƙaton, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku share wurin," ya tafi.

Da aka fitar da shi waje, na ɗauki gutsuren sabulu na zubin da na yi wa matarsa, na taɓa da harshe. Kamar na lashi garwashi. Wannan ba tsunkulin ɗanyen sabulu ba ne, na san bambancinsu. Soda ce ta yi yawa. Ko shekara ya yi a kan katako haka zai ƙona ta. Shi ya ɗauka kafin lokaci, amma ni na auna da kofin shayi.

Ban je asibiti ba sai bayan kwana tara, don kada a tambaye ni abin da zan kasa rufewa. Na ɗaure yatsun da tsinken ice, ina tuƙi da hannun hagu. Lokacin da likita ya gani, ƙashin ya riga ya fara kamawa a karkace.

Kafin nan na sami maigadin a bayan gida yana wanke kakinsa, na gaya masa maganar sodar. Bai ɗago ba. Ya ce, "Da ka bar ni ban sani ba, Baba." A makon ya nemi canjin ɗaki. Matar ta koma gida bayan gasar, an ce idon ya buɗe, tabon kumatu dai bai tafi ba. Babu wanda aka kora a cikinmu. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa daga nesa.

Abin da ya tafi ranar: haƙora biyu, sabulu arba'in da ɗaya, hatimi goma sha bakwai, yatsu biyu na hannun dama da ba sa lanƙwasuwa, fatar kumatun wata baiwar Allah da ban taɓa gani ido da ido ba, da aboki ɗaya.